Wasan ban tsoro na VR: Masu sharhi sun yaba, amma me ɗan Zamfara zai ji idan ya ɗaura?

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Facebook da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: mutum tsaye a tsakar ɗaki, an ɗaura masa wani ƙaton tabarau da ya rufe rabin fuskarsa, yana ta kai wa iska naushi, can sai ya kurma ihu ya zube ƙasa, 'yan uwansa suna tuntsira dariya.

Abin da ke fuskar tasa shi ne na'urar VR. Tana toshe wa mutum ganin ɗakin da yake ciki, ta sa ya ga kamar yana tsaye a tsakiyar wata duniya dabam. Ya ɗaga kai ya ga sama, ya waiwaya ya ga abin da ke biye da shi. Abin da ke sa ihun kuwa, galibi wasan ban tsoro ne.

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, a waya muke kallon abin, gidajen gem ɗinmu kuma har yanzu ƙwallo ce ke tashe a cikinsu. Sai dai kayan suna ƙara sauƙi. Na'urar Quest 3S da kamfanin Meta ya fitar a watan Oktoban 2024 dala 299 aka sa mata, kuma ba ta buƙatar kwamfuta ko PlayStation ko talabijin. Caji ake yi mata kamar waya. Duk abin da ake iya cajawa a shagon mai sola, to ba zai daɗe bai iso mana ba.

Don haka yana da kyau mu san yadda waɗanda suka riga mu ɗaurawa suka karɓi irin wannan wasa. Misalin da ya fi dacewa shi ne Resident Evil 4 na VR.

Abin da masu sharhi suka gani

Asalin wasan na kamfanin Capcom ne na ƙasar Japan, ya fito tun 2005, kuma ana sa shi cikin wasannin bidiyo mafiya tasiri da aka taɓa yi. Wani kamfani a jihar Texas ta Amurka, Armature Studio, shi ya sake gina shi don na'urar Quest 2, aka fitar da shi ranar 21 ga Oktoban 2021 a kan dala 40.

Masu sharhi sun yi masa ruwan yabo. A shafin Metacritic, inda ake tattara makin da jaridu suka bayar a fitar da matsakaici, ya haura 80 cikin 100. A bikin The Game Awards na ƙarshen shekarar shi ya lashe kyautar wasan VR mafi kyau. Kamfanin Meta ma ya ce a lokacin babu wata manhaja a tarihin Quest da ta kai shi saurin sayuwa.

Abin da ya burge su shi ne aikin hannu. A tsohon wasan maɓalli kake dannawa jarumin ya ɗura harsashi. A na VR kai ne za ka kai hannu ƙugu ka zaro bindiga, ka cire gidan harsashi ka sa wani, ka ciro wuƙa daga ƙirji, duk a daidai lokacin da mai gatari ke matsowa. Idan hannunka ya yi rawa, harsashin ya faɗi. Ƙorafinsu ƙalilan ne: wuraren da ake nuna labari kamar fim an bar su a shimfiɗaɗɗen allo, wasu sassan tsohon wasan kuma ba a saka su ba.

Su kuwa masu bugawa, hayaniyarsu ta fi yawa a kan wani abu da yawancin masu sharhi suka wuce shi da layi ɗaya ko biyu. An cire wasu kalaman batsa-batsa da ake yi wa yarinyar da ke cikin labarin, da wani ɓangare da ake iya leƙen jikinta. Facebook, kamar yadda ake kiran kamfanin a lokacin, ya tabbatar da an yi gyaran don ya dace da masu kallo na yanzu. Tsofaffin masoya wasan suka ce an yi musu tankaɗe da rairaya ba da izininsu ba. Ni dai ban ga asarar da aka yi ba, kuma ina jin iyaye a nan ma ba za su gani ba.

Tsoron da ya wuce gona da iri

Saɓanin da ya fi wannan muhimmanci ya girmi wasan. A Janairun 2017 Capcom ya fitar da Resident Evil 7, wanda ake iya buga shi daga farko har ƙarshe da tabarau na PlayStation VR. Labarin wani mutum ne, Ethan Winters, da ya shiga wani ruɓaɓɓen gida a jihar Louisiana neman matarsa. Shi ma ya ci kyautar wasan VR mafi kyau ta shekarar, masu sharhi suka ce ba a taɓa kai tsoro wannan matsayi ba.

To amma yaba tsoro daban, iya ɗaukarsa daban. Tun a baje-kolin E3 na 2016 wasu 'yan jarida da suka gwada samfurinsa suka fito da jiri da tashin zuciya. Dalilin sananne ne: ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kana tafiya, cikin kunne kuma, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, yana cewa kana tsaye wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa duƙufa kan waya a motar haya daga Gusau zuwa Mafara ya san ɗanɗanon abin. Sai da kamfanin ya ƙara hanyoyin rage shi, kamar juyawa kaɗan-kaɗan a maimakon juyi ɗaya a sulale.

Bayan wasan ya fito, sai masu bugawa suka cika intanet da labarin yadda suka cire tabarau bayan mintuna kaɗan, wasu suka koma bugawa a talabijin, wasu suka ajiye shi gaba ɗaya. Kuma kamfanin ya ji. A 2021, furodusan wasan da ya biyo baya, Tsuyoshi Kanda, ya shaida wa kafar Axios cewa cikin ra'ayoyin da suka samu har da na masu cewa na bakwai ɗin ya yi ban tsoron da ba ya buguwa, shi ya sa a Resident Evil Village suka sassauta, don kada mai bugawa ya zauna cikin firgici ba hutu.

Wato abin da ya jawo wa wasan kyauta shi ne kuma ya kori wasu masu sayensa. Mai sharhi aikinsa ne ya kai ƙarshe, ana biyansa don haka, kuma ya buga irinsa ɗari. Makinsa yana gaya maka ko an iya ƙera tsoron. Ba ya gaya maka ko zuciyarka za ta ɗauka. Wannan sai a bakin masu bugawa ake jin sa.

Sassautawar ma ba ta hana komai ba. Da aka fitar da Village a PlayStation VR2 a Fabrairun 2023, wurin da kowa ya riƙa magana a kai shi ne wani gida da ake ƙwace wa mutum makamansa duka, wata halitta mai kama da ƙaton jariri tana bin sa cikin duhu tana kuka. Shi ma ya ci kyautar shekarar.

Labarin da muka riga muka sani

Na bar labarin Resident Evil 4 zuwa nan da gangan. Ga shi a taƙaice: an sace 'yar shugaban Amurka, Ashley Graham, an kai ta wani ƙauye mai nisa a karkarar Sifen, an tura wani jami'i, Leon Kennedy, ya kuɓuto da ita. Mutanen ƙauyen wata cuta ta juyar musu da hankali. Na Village kuma uba ne ke neman jaririyarsa da aka ɗauke.

Yanzu a duba shekarar da na VR ɗin ya fito. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A tsakiyar Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Kwanaki kaɗan bayan nan aka rufe layukan waya a jihar. A makon da masu sharhi a Amurka da Turai ke rubuta daɗin ceto yarinyar da aka sace, mafi yawan yankinmu ko kiran waya ba ya samu, balle ya karanta.

Na taɓa ɗaura tabarau ɗin sau ɗaya, a wani wurin wasanni a Abuja. Na yi tsammanin dodanni ne za su firgita ni. Ban ma kai wurinsu ba. A farkon wasan akwai inda kake shiga dandalin ƙauyen, mutane su yi ta fitowa daga gidaje da lauje da gatari suna kiran juna, su zagaye ka. Sai wani mai buhu a kai ya tayar da injin yankan katako a bayanka. A cikin tabarau sautin yana zuwa ne daga inda abin yake, kuma ƙarar injin nan, ga kunnen da ya taso inda na taso, ƙarar babur ce. Na cire abin, na miƙa wa yaron da ke kula da wurin. Ya yi dariya ya ce, “Yallaɓai, ai ko fara wasan ba ka yi ba.” Gaskiyarsa ne. Amma na daɗe zaune hannuna bai daina rawa ba.

Ban ce Capcom ya yi laifi ba. A 2005 babu wanda ya zauna a Osaka yana tunanin Jangebe. Abin da nake cewa shi ne, wasa ɗaya ba abu ɗaya ba ne a wurin kowa, kuma kamfanin da kansa ya taɓa koyon wannan darasi. Da ya nuna tallan Resident Evil 5 a 2007, inda Bature ke harbin tarin baƙaƙen fata a wani garin Afirka na ƙirƙira, masu ƙera wasan dodanni kawai suka gani. Sai da wasu marubuta baƙaƙe, ciki har da N'Gai Croal na mujallar Newsweek, suka nuna musu abin da hoton ke tunasar da wasu. Masu ba da maki a Metacritic yawancinsu daga Amurka da Turai suke. Cikinsu da wuya a sami wanda ya taɓa kwana a gona saboda jin ƙarar babura.

Akwai kuma dalilin da ya sa VR ta bambanta da fim ɗin ban tsoro da yaranmu suka saba kallo a waya. A Jami'ar Kudancin California akwai wani shiri mai suna Bravemind, ƙarƙashin masanin halayyar ɗan Adam Skip Rizzo, da ke amfani da VR wajen yi wa tsofaffin sojojin Iraƙi da Afghanistan maganin firgicin yaƙi. Ana mayar da sojan cikin kwaikwayon abin da ya gani, da ƙarar da duk abin da ke wurin, a hankali a hankali, likita na zaune kusa yana riƙe da linzami, yana ƙarawa yana ragewa. Suna amfani da ita ne saboda tana iya tayar da abin da ke kwance a zuciya. A gidan gem babu likita. Akwai mai karɓar kuɗi da abokai masu jiran ka faɗi su ɗauki bidiyo.

Wasu za su ce akasin haka ma na iya faruwa, kuma ban ƙi ba. A wasan kai ne mai bindiga, kana iya ceto yarinyar, idan an kashe ka ka sake farawa, idan ka gaji ka cire. Matashin da ya shekara yana jin ba shi da ikon komai zai iya samun wani sanyi a nan. Amma shi ya kamata ya zaɓa, yana sane da abin da ke ciki, ba a ɗaura masa don a sha dariya ba.

Ga wanda ke tunanin sayo na'urar ya sa a shagonsa a Mafara ko Bakura, abubuwan da za su amfane shi a rubuce suke, ba a cikin makin masu sharhi ba. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa waɗannan wasannin a rukunin 'yan shekara 17 zuwa sama, ta Turai kuma 18. Sony ya ce tabaraunsa ba na yaran da ba su kai 12 ba ne. Meta ya daɗe a kan 13, sai a 2023 ya sauko zuwa 10, shi ma da sharaɗin iyaye ne ke riƙe da asusun. Kuma shagon Meta da na Steam duka suna mayar da kuɗin wasa idan ba a kai awa biyu ana buga shi ba cikin kwana 14 da saye. Ga wasan ban tsoro wannan ya wadatar, domin dandalin ƙauyen nan da mai injin yankan katako suna cikin rabin awar farko.