Gasar da ba ka shiga ba, yaya aka yi ka ci?

'Yan damfara ma sun san lokacin kaka. Manomi ya kai buhunan masara ko waken suya kasuwar Getso, an tura masa kuɗinsa a asusu, bai gama karkaɗe ƙurar hanya ba sai ga kira daga baƙuwar lamba. Mai kiran zai yi sallama cikakkiya, ya gaishe shi da Hausa tsantsa, sannan ya ce masa barka da arziki, layinsa ya fito a garabasar kamfanin waya, ya ci naira miliyan 2 da sabon babur. Sauran abu ɗaya: ya tura dubu 15 kuɗin rajista kafin la'asar, in ba haka ba a ba wani. Kuma kada ya gaya wa kowa, saboda mahassada.

Wannan gargaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan sana'ar. Wanda aka hana shawara an riga an gama da shi.

A da, damfarar da ake kira 419 da Turanci take zuwa, a wasiƙa ko imel, tana neman 'yan boko da Turawa. Yanzu ta koyi "in sha Allahu", ta san kujerar Makka ta fi mota shiga ran dattijo, ta san matar aure a Garo ko Lakwaya za ta saurari zancen tallafi da keken ɗinki. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura mutanen karkara buɗe asusu a waya ba shiri, da yawa ba su iya karanta saƙon da banki ke aiko musu da Turanci ba. Nan ɓarawo ya sami ƙofa. Wani lokaci ma ba ya neman ko sisi. Zai ce a karanto masa lambobi 16 na gaban katin ATM, da uku na baya, da lambar da za ta shigo yanzun nan, wai don a zuba kyautar. Lambar nan da ta shigo makullin asusu ce. Da an furta ta, kuɗin masara ya tafi, kafin a je wurin mai POS a duba.

Gane abin ba ya bukatar digiri. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda bai shiga gasa ba, ba ya cin gasa. Kyautar gaskiya ba a sayenta da kuɗin rajista, ko na haraji, ko katin waya. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa ko BVN. Duk wanda ya haɗa maka albishir da gaggawa da "kada ka faɗa", kashe wayar kawai.

Amma mu a wannan jarida muna ganin ba jahilci ne babban abin da ke ciyar da 'yan damfara ba. Kunya ce. Magidancin da aka wanke zai gwammace ya haɗiye asararsa da a ce a majalisa kwaɗayi ya ja masa. A Kano kuwa kunyar biyu ce, domin abin yana kama da caca, a jihar da Hisbah ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa a 2024. Wa zai je gaban mai unguwa ya ce ya biya kuɗi don karɓar abin da ya ci a ƙuri'a? Sai a yi shiru. Lambar da ta cuci mutumin Kutama yau, ita ce za ta kira na Durun gobe, da magana iri ɗaya. Mun ga irin wannan shirun bayan rushewar shirin zuba jarin bogi na MMM a ƙarshen 2016, mun sake ganinsa da irinsa na CBEX a 2025.

Doka ba ta gaza ba a takarda. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, babu zaɓin tara. Tun Disamban 2020 aka tilasta wa kowa haɗa layinsa da lambar NIN, talakawa suka sha layi a rana, an ce don a riƙa gano masu laifi. To, layin da ya kira da asusun da aka zuba kuɗin duk suna da mai su. Hakkin hukumar sadarwa ta NCC da bankuna da EFCC ne su nuna wa mutumin Kabo amfanin wahalar da ya sha. Sai dai ba a bin sawun ƙarar da ba a shigar ba.

Akwai mutum ɗaya da ya fi kowa kusa da wurin da ake yankan: mai POS. Shi ne ke ganin dattijo ya zo jiki na rawa, waya a kunne, ana karanto masa lambar asusu daga can. Tambaya ɗaya, "Baba, ka san wanda za ka tura wa?", ta isa ta ceci kuɗin taki na shekara. Wanda ya ga alama ya yi shiru don cajin naira 200, ya tambayi kansa ko halak ya ci.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su tara masu POS su ja musu kunne. Hakimai da dagatai su sa a yi shela ranar kasuwa, limamai su ware wa batun huɗuba guda, su kuma faɗa ƙarara cewa wanda aka damfara an zalunce shi ne, ba abin dariya ba ne. Kai kuma da abin ya riga ya faɗa wa, je banki yau a toshe katin, ka kira NCC a 622 ka kai ƙarar layin, ka sanar da 'yan sanda, sannan ka karanta wa mutanen majalisarku lambar da ta kira ka.