Zare: a daina yaudarar mutane da hotunan Toubkal na watan Mayu

1/ Sati biyu ke nan ana ta turo min saƙo iri ɗaya: "Kai da kake Marrakech, haɗa mana tafiyar Toubkal da tafkin Ifni kafin jarrabawa mana." Amsata a'a ce. Bari in yi bayani sau ɗaya, kowa ya huta.

2/ Matsalar daga sunan lokacin ta fara. Mu in an ce bazara, zafi ne ke zuwa mana a rai. A Marrakech ma haka ne, watan Mayu gumi kake yi. Sai mutum ya ɗauka dutsen da yake hangowa daga gari shi ma ya huce. Bai huce ba fa.

3/ Toubkal mita 4,167 ne, babu wanda ya kai shi tsawo a Arewacin Afirka. Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Mafakar da ake kwana kafin a hau ƙololuwa tana mita 3,207. Wato wurin barcinka ma ya ɗara duk abin da muka sani a gida.

4/ Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Ka yi lissafi da kanka daga Marrakech da ba ta kai mita 500 ba.

5/ Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dusar ƙanƙarar wannan lokacin fuska biyu gare ta. Da dare ta daskare ta koma kamar gilashi. Da asuba in ka taka da kambas, santsi ne kawai, kuma a gangare babu abin kamawa.

6/ Rana na ɗagawa kuma ta yi laushi. Ƙafa ta riƙa nutsewa har gwiwa, safa ta jiƙe, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu. A lokacin ne ta fi zamewa daga sama ta gangaro gaba ɗaya, duwatsun da ƙanƙara ta riƙe cikin dare su ma su saki. Shi ya sa ake tashi da tocila tun kafin gari ya waye.

7/ Akwai kuma wadda ke rufe rafi. Sama fari tas kamar hanya, ƙasa ruwan narkewa ya riga ya cinye ta. Ba ka gani, sai dai ka ji ƙarar ruwa ƙarƙashin ƙafarka.

8/ Bara mu huɗu muka je. Daga Imlil muka taka, muka wuce Sidi Chamharouch, alfadari na ɗauke da kayanmu. Da muka iso inda dusar ta fara, mai alfadarin ya sauke jakunkuna ya ce nan dabbarsa ta tsaya. A nan na fara gane jakar goyo mai kilo goma sha wani abu ba wasa ba ce.

9/ Niyyarmu mu tsallaka ta Tizi n'Ouanoums, mashigar da ta haura mita 3,600, mu gangara tafkin Ifni da ke wajen mita 2,300. Jagoranmu ya kalli takalmanmu, ya kalli gangaren, ya ce ba da shi ba. Wallahi na ji haushi. Kuɗin alawus na wata guda na zuba a tafiyar nan.

10/ Washegari ɗaya daga cikinmu ya tashi da ciwon kai da amai, abinci ya ƙi shiga. Ciwon tudu ne: iskar da kake shaƙa a mita 4,000 ba ta wuce kusan kashi 60 cikin ɗari na ta bakin teku ba. Bai damu da ko kana buga ƙwallo kullum ba. Maganinsa sauka. Da mun riga mun tsallaka mashigar, ta ina za mu dawo da shi?

11/ Na san abin da za a ce: ai wasu sun hau a Mayu lafiya lau, ga hotuna. Gaskiya ne, ana hawa. Amma hoton ba ya nuna ƙarafa masu haƙora da aka ɗaura a takalmi, da gatarin ƙanƙara, da sanin yadda ake tsayar da kai in an zame. Ana samun hayarsu a Imlil. Iya amfani da su ne ba a haya.

12/ Wani abu da mu baƙaƙen fata muke rainawa: hasken rana a kan dusa. Yana dawowa ido ta ƙasa, ya ƙona shi, sai dare ya yi ka ji kamar an zuba maka yashi. Baƙin tabarau dole ne.

13/ Tun bayan 2018 hukuma ta wajabta ɗaukar jagora, akwai shingen bincike a hanya. Wasu na kukan tsada. Ni abin da nake ƙi shi ne a biya mutum, sannan a matsa masa ya kai ka inda ya ce kada a je, don kawai ka riga ka sanar a Instagram.

14/ Masu son tafki da tanti da hoto, ku bari sai ƙarshen Yuni zuwa Satumba, lokacin hanyar ta buɗe. In kun ce lallai sai Mayu, ku ƙara kwana ɗaya a mafaka, ku yi hayar kaya, a koya muku taka gangare kafin ranar hawa. Ni dai na riga na sa sunana a tafiyar Yuli, saura gurbin mutum biyu.