Idan Ɗalibi Ya Ce Haɗa Bidiyo Zai Karanta

'Yan'uwana malamai, duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, akan samu ɗalibi ɗaya ko biyu a makarantunmu na Ajingi, Toranke ko Balare da zai ce shi haɗa bidiyo da zane mai motsi yake son karantawa. Amsar da yakan samu daga bakinmu, mu da iyayensa, kusan ɗaya ce: “Wato ɗan fim za ka zama?” Daga nan sai a karkatar da shi zuwa wani kwas da ba ya so, don a rabu da magana. A ganina wannan amsa tana cutar da yaranmu, kuma mu malamai ne ya kamata mu fara sauya ta.

Abin da ake koyarwa a wannan fanni sana'ar hannu ce da lissafi. Bidiyo hotuna ne tsayayyu da ake jerawa, ashirin da huɗu ko ashirin da biyar a kowace daƙiƙa, har ido ya ɗauke su a matsayin motsi. Zane mai motsi na minti ɗaya kacal yana iya ɗaukar hotuna 1,500. Mai haɗa shi yakan tsayar da inda abu zai fara da inda zai tsaya, kwamfuta ta cike tsakani, shi kuwa sai ya san kusurwa da nisa da sauri da haɗin launi da daidaita sauti. Taswirar da ke motsi a labaran talabijin, da rubutun da ke shigowa a ƙasan allo, da zanen da ke nuna yadda sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, duk aikinsa ne, kuma fuskarsa ba ta taɓa fitowa. Yaron da ya iya jometiri kuma hannunsa ya faɗa da zane, rabin hanya ya riga ya yi.

Ban ce tsoron iyaye ba shi da tushe ba. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, harkar fim ɗin Hausa take tafe da ce-ce-ku-ce a kan tarbiyya, har gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Mun kuma ga abin da ya faru a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta shirya gina dandalin shirya fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malaman addini da jama'a suka tashi tsaye, aka janye shirin. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Abin da na lura da shi shi ne, janyewar ba ta hana a ci gaba da yin fim ba, ba ta kuma hana yaranmu kallo ba. Abin da ya ragu shi ne wurin koyon aikin a tsare. Yau yaro yana koyon yanka bidiyo da CapCut a wayar yayansa, ba malami, ba manhaja, ba mai ce masa wannan bai dace ba. Tsakanin wannan da aji mai malami da jarrabawa, ban ga wahalar zaɓi ba ga wanda tarbiyya ta dame shi da gaske.

Wuraren karatun kuwa akwai su. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni bakwai, ɗaya daga cikinsu na fim ne da hotunan zamani. Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa sukutum. A Jos akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA, a Zariya kuma sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe da yin suna. Ɗalibin Ajingi nawa ne ya taɓa jin sunan waɗannan wurare daga bakin malaminsa kafin ya cike fom?

Sai dai kada mu ruɗi kowa, karatu ne mai tsada. Kwamfutar da za ta iya ɗaukar wannan aiki tana cinye albashin watanni na malamin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000. Manhajojin Adobe, irin su Premiere Pro da After Effects, haya ake biya duk wata, kuma farashinsu na bin dala. Ana iya kauce wa wannan da Blender ko DaVinci Resolve, waɗanda ake samu kyauta, amma wutar lantarki ba a samunta kyauta, a garuruwanmu ma ko da kuɗi ba kullum ake samu ba. Takardar shaida kuma ita kaɗai ba ta ba da aiki a wannan fanni. Mai ɗaukar aiki a Arewa24 ko a wani kamfanin talla cewa zai yi, nuna mini abin da ka haɗa. Saboda haka uban da zai sayar da akuya da buhun gero don wannan karatu yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya tun farko: idan yaron son a san shi yake yi, ba son zama awa shida gaban allo yana gyara daƙiƙa goma ba, to kuɗin zai tafi a banza. Mu da muke tare da yaran a aji mun fi kowa iya bambance waɗannan biyun.

Akwai kuma amfanin da ya shafe mu kai tsaye. Wane malamin kimiyya ne bai sha wahalar bayyana kewayawar jini ko husufin wata da alli a baƙin allo ba? Shirye-shiryen Ubongo masu koyar da yara lissafi da karatu daga Tanzaniya suka fito, sai fassara su aka yi zuwa Hausa. Alheri ne, amma ba za su zana mana gonar gero da ramin rini ba, sai 'ya'yanmu sun koyi aikin. Tarihin baka ma ya ce maƙeran Gaya ne suka bi tama har Dala suka zauna. Jikokinsu ba su kamata a ce suna jin kunyar sana'ar hannu ba don kawai kayan aikin sun sauya.

Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ina roƙon shugabannin reshenmu su shigar da buƙatu biyu a zamansu na gaba da hukumomin ilimi. A samar da ɗakin kwamfuta mai wutar sola ko da a babbar sakandare ɗaya ce a Ajingi, a sa masa manhajojin kyauta da na ambata. A kuma ware malami mai ba da shawara kan zaɓen kwas a kowace makaranta, a ba shi jerin makarantun da ke koyar da wannan fanni da darussan da suke nema, kafin a buɗe sayar da fom na baɗi.