Maharbi da Awon Albarushi

Ɗan kasuwa ya san tiya, ya san sikeli, ya kuma san cewa wanda ya yi wasa da awo asara ke jiransa. Haka batun yake ga maharbin da ke riƙe da bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda a ƙasar Hausa ake kira adaka ko harbi-ruga. Bambancin kawai shi ne, shi maharbi in ya kuskure awo, da yatsu ko da ido zai biya.

A ƙasar Amurka wannan bindiga ba ta mutu ba. Jahohi da yawa sun ware mata lokacin farauta nata na daban. A jahar Pensilbaniya har akwai ƴan makwanni bayan Kirsimeti da aka keɓe wa bindiga mai ƙyastu, irin ta kakanni. A shekara ta 1985 wani maƙeri mai suna Tony Knight ya fito da sabon samfuri, MK-85, wanda wutarsa ke shiga kai tsaye daga bayan albarushi, kuma daga nan kasuwar ta buɗe. Cikin dabbobin da maharban ke nema da ita akwai waɗannan biyu: barewar dajinsu mai farar wutsiya, da aladen daji. Shi aladen, Sipaniyawa ne suka shigo da kakanninsa, musamman ayarin Hernando de Soto da ya sauka Fulorida a 1539. Yau ya zama annoba ga manoma, har jahar Tekzas ta yarda tun 2019 a harbe shi ba tare da takardar farauta ba, in dai cikin gonar mutum ne kuma da izininsa.

Abu na farko da maharbi ke dubawa shi ne bututun bindigarsa. Wanda aka fi yayi faɗinsa milimetir 12,7 ne. Cikinsa akwai murɗaɗɗen zane mai juya harsashi. In zanen na cika zagaye ɗaya a tsawon santimetir 168, to, ƙwallon dalma naɗe da ƙyalle ne abincinsa. In kuwa yana cika zagayen a santimetir 71, dogon harsashi mai rigar roba yake so. Wanda ya ba bututu abin da ba nasa ba, harbinsa zai yi ta watsewa komi ƙwarewarsa.

Na biyu shi ne dabbar. Barewa fatarta taushi gare ta, haƙarƙarinta kuma sirara. Ƙwallon dalma mai nauyin giram 11 da rabi ya ishe ta, muddin an harbe ta daga kusa, domin ƙarfinsa na raguwa da sauri tun kafin ya kai metir 100. Tsohon toron alade kuwa wani abu ne daban. Yana da kakkauran sulke na fata mai tauri kamar guringuntsi a kafaɗunsa, zuciyarsa da huhunsa kuma sun fi na barewa yin ƙasa da gaba. Harsashi mara nauyi mai saurin bajewa sai ya tsaya cikin sulken, dabba ta gudu da rauni, ko ta juyo da fiƙoƙinta kan wanda bindigarsa ba ta da harbi na biyu. Shi ya sa masana suka fi son dogon harsashi mai giram 16 zuwa 19, mai tauri, wanda zai ratsa. Wanda ke neman dabbobin biyu da ɗuri guda, da alade ya kamata ya yi lissafi.

Na uku shi ne albarushi, kuma a nan ne zuciya ke ruɗin mutane. Da ƴar ma'auni ake auna shi, ba da tafin hannu ba. Ga sabbin bindigogin masana'anta, kimanin giram 5 zuwa 6 da rabi na baƙin albarushi shi ne abin da akasari ake sawa. Abin da ya ƙaru bisa haka yawancinsa hayaƙi ne, da dukan kafaɗa, da kuskuren saiti. Garaje ba ƙarfi ba ne. Albarushin harsashin zamani, marar hayaƙi, bai halatta ya shiga irin wannan bututu ba ko kaɗan, domin fasa shi yake. Haka nan dole harsashi ya zauna daram bisa albarushi ba tare da sarari ba. Maharban kirki sukan yi wa sandar dannawa alama, don su gane ko an yi ɗuri biyu bisa mantuwa. Ba a kuma zuba albarushi kai tsaye daga gora, saboda garwashin da kan saura cikin bututu.

Doka ma na da ta cewa. Jahar Kolorado ta hana harsashi mai rigar roba a lokacin farautar wannan bindiga, Kalifoniya kuma ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 2019.

Maharbin Nijar da ke bin gadu ko gada da adakar maƙeri yana da darasi a nan, amma da sharaɗi. Alƙaluman da aka ambata na bututun ƙarfen masana'anta ne da aka gwada. Bututun da aka ƙera a maƙerar kasuwa babu wanda ya auna iyakar abin da zai ɗauka, don haka kwaikwayon awon Amurka cikinsa ganganci ne. Abin ɗauka shi ne ɗabi'ar: a auna, a tsaya ga awo ɗaya, a matso kusa, kada a harba sai an tabbata. Kuma tun 1998, da doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga watan Afrilu, Nijar ta shimfiɗa ƙa'idojin farauta da kare namun daji. Kafin a taɓa goran albarushi, a fara biyawa wurin ma'aikatan gandun daji a ji abin da aka halatta da abin da aka hana.