Yana wuni cikin shanu, amma jini ya yi ƙasa

Makon jiya wani dattijo, dillali a Kasuwar Shanu ta Maiduguri, ya zo kantinmu neman maganin ƙarin jini, kwalba ta huɗu ke nan. Gajiya ta hana shi zagaya kasuwa, tafin ƙafarsa kuma kamar ana tsira masa allura. Da na duba takardar gwajinsa, jini ya yi ƙasa, amma ma'aunin girman jajayen ƙwayoyin jini, wato MCV, ya haura 100.

Na ce, "Baba, wannan bai yi kama da ƙarancin sinadarin ƙarfe ba, ya fi kama da na bitamin B12."

Ya yi dariya. "'Yata, ni da balangu da kindirmo ba sa yanke mini?"

Tambayarsa tana kan hanya, domin nama, hanta, ƙwai da nono su ne gidan B12. A cikin ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini, kuma kowace sai ta rabu gida biyu sau da dama kafin ta nuna. Wannan rabuwa ba ta yiwuwa sai da B12 da folik asid. Idan babu su, ƙwayar tana ta girma amma ta kasa rabuwa. Da yawa a ɓargon suke mutuwa, waɗanda suka fito kuma manya ne, 'yan kaɗan. Ƙarancin ƙarfe kuwa ƙanana yake haifarwa.

To, ina B12 ɗin Baba yake tafiya? Ci daban, tsotsa daban. Ya shekara tara yana shan metformin saboda ciwon suga, kuma wannan magani yana rage yadda hanji ke tsotsar B12. Haka omeprazole da mutane ke sha kamar gyaɗa don gyambon ciki. Wasu kuma, musamman tsofaffi, cikinsu ne ke daina fitar da sinadarin da ke rakiyar B12 zuwa hanji. Hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa abin ke zuwa a ɓoye.

Abin da ya fi damuna shi ne folik asid ɗin da ke cikin kwalaben nan. Yana iya ɗaga jini a takarda alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa, kuma idan aka makara ba lallai su dawo daidai ba.

Na hana shi kwalbar, na kuma gargaɗe shi kada ya ajiye metformin da kansa. Na tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a auna B12 ɗinsa, in ya tabbata likita ya rubuta masa allura.