Ba a auna manomi da kaka ɗaya

A ƙasar Amurka akwai wani irin wasan ƙwallo wanda ya sha bamban da tamaular da aka saba gani a filayen ƙasar nan. Ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa a ruga da shi ko a jefa ma abokin wasa, kuma kowane ɗan wasa yana sanye da hular kwano sabili da karo. Mutum 11 ke shiga fili ta kowane gefe. Manyan jami'o'in ƙasar galibi kowace tana da ƙungiyarta, ɗalibai ne ke yin wasan, kuma ana yin shi daga watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, wato daidai lokacin kaka. Wasa 11 ko 12 kacal ƙungiya ke yi kamin a rufe lissafin shekara. Don haka kowace faɗuwa tana da nauyi, kuma in abu ya ɓaci, wanda ake fara tuhuma shi ne mai horar da ƴan wasa.

To, idan jami'a ta ɗauko sabon mai horo, ya share kakarsa ta fari ana kayar da ƙungiyarsa mako bayan mako, mi ya kamata hukuma ta yi da shi? Masu kallo amsarsu ɗaya ce, a kore shi. Amma hukumar da ta san aikinta ba ta yanke hukunci da lissafin kaka ɗaya. Tana duba abin da mutumin ya tarar, da abin da ya fara gyarawa, sa'an nan ta jira ta ga ko shekara ta biyu ta fi ta fari. Labarin wata jami'a ta jahar Kansas ya isa misali.

Jami'ar Jahar Kansas tana wani gari da ake kira Manhatan, a tsakiyar ƙasar manoman alkama. An kafa ta a shekara ta 1963 ban da ɗari, wato 1863, don koyar da aikin gona da sana'o'i. Wajen karatu ba ta da abin kunya, amma wajen ƙwallo ta daɗe tana zaman abin dariya. Rabonta da cin kofin yankinta tun 1934. Ita ce ta fari cikin manyan jami'o'in ƙasar da yawan wasannin da aka cinye ta ya kai 500. A kakar 1987 ta yi wasa 11, aka cinye ta 10, aka yi kunnen doki a guda. A kakar 1988 aka cinye ta duka 11. Wata maƙwabciyarta cikin jahar, Jami'ar Wicita, ta riga ta rufe ƙungiyarta gaba ɗaya bayan kakar 1986, kuma akwai masu ganin ita ma hanyar da za ta bi ke nan.

Cikin wannan hali ne, a watan Nuwamba na 1988, hukumar jami'ar, a zamanin shugabanta Jon Wefald, ta ɗauko Bill Snyder. Shekarunsa 49, kuma bai taɓa riƙe ƙungiyar wata jami'a a matsayin babban mai horo ba. Ya yi shekara 10 yana mataimaki a Jami'ar Ayowa, ƙarƙashin Hayden Fry, inda ya ga da idonsa yadda ake tayar da ƙungiyar da ta daɗe kwance: kaka biyu na fari faɗuwarsu ta fi cinsu, ta uku suka kai kan gaba a yankinsu. A Kansas ya tarar da ƙungiyar da ta yi wasa 27 a jere ba ta ci ko ɗaya ba. Doka a wancan lokaci ta yarda jami'a ta ɗauki nauyin karatun ƴan wasa 95. Waɗanda ya iske kimanin rabin wannan adadi ne. A farkon kakar 1989 wata babbar mujallar wasanni, Sports Illustrated, ta buga dogon labari tana nuna ƙungiyar a matsayin wadda ta fi kowace rashin sa'a a ƙasar.

Kakarsa ta fari ba ta ƙaryata mujallar ba. An cinye su wasa 3 na farko, rashin nasara ya kai wasa 30 a jere. Ran 30 ga watan Satumba na 1989 suka kara da Jami'ar Arewacin Tekzas, wadda a lokacin tana rukunin da ke ƙasa da nasu, suka ci ta da maki 20 da 17, a jifa ta ƙarshe, lokaci yana ƙarewa. Ɗalibai suka kwararo cikin fili don murna, har suka tumɓuke ginshiƙan raga. Daga nan aka cinye su sauran wasa 7 duka. Lissafin shekara ya tashi ci 1, faɗuwa 10.

Wanda ya tsaya ga wannan lissafi kaɗai zai ce babu abin da ya sake. Alhali kuwa a bayan fage abubuwa suna motsi. Snyder ya kafa ƙa'idar aiki mai tsanani, ya riƙa neman kowane ɗan wasa ya fi jiya ko da kaɗan ne, a fili da cikin aji. Ya shiga cike gurbin ƴan wasan da babu, daga baya kuma ya shahara wajen ɗauko samari daga ƙananan makarantu na shekara 2 waɗanda manyan jami'o'i ba su cika waiwaya ba. Ya tara mataimaka matasa masu himma. Cikinsu akwai Bob Stoops, wanda ya zo tun 1989, daga baya ya zama babban mai horo a Jami'ar Oklahoma, ya ci kofin ƙasa a kakar 2000. Hukumar jami'a ta ga waɗannan abubuwa, ta bar shi ya ci gaba da aikinsa.

Ga abin da ya biyo baya. A 1990 suka ci 5, aka ci su 6. A 1991 suka ci 7, aka ci su 4. A 1992 suka koma 5 da 6, ba a tayar da hankali ba. A 1993 suka ci wasa 9, har da wasan gayyata na ƙarshen shekara, irin wanda ƙungiyoyin da suka yi fice kaɗai ake kira. Wannan shi ne karo na fari da jami'ar ta ci irinsa. A 1998 suka cinye wasa 11 na kaka duka, suka kayar da Nebraska wadda rabonsu da cin ta tun 1968. A 2003 suka ɗauki kofin yanki bayan shekara 69, da maki 35 da 7, kuma ƙungiyar da suka kayar ita ce Oklahoma ta tsohon mataimakinsa. Sa'ad da Snyder ya aje aiki na ƙarshe a 2018, ya ci wasa 215, kuma filin wasan jami'ar yana ɗauke da sunansa da na iyalinsa. Da an sallame shi a watan Disamba na 1989, da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai dai kada a ɗauki wannan labari a ce haƙuri kaɗai ya isa. Haƙurin da ba shi da ma'auni sakaci ne. Jami'ar Nebraska ta ɗauko Scott Frost, tsohon ɗan wasanta, wanda jama'a ke ƙauna ƙwarai. A kakarsa ta fari, 2018, ya ci 4, aka ci shi 8. Aka ce a yi haƙuri, kuma daidai ne. A 2019 ya ci 5, a 2020 ya ci 3, a 2021 ya ci 3 cikin 12. Babu shekarar da cinsa ya fi faɗuwarsa. Sai a watan Satumba na 2022 aka sallame shi, lissafinsa yana ci 16, faɗuwa 31, kuma jami'ar ta biya shi dala miliyan 15 don warware yarjejeniya. Kakar Frost ta fari ta fi ta Snyder kyau nesa ba kusa ba. Bambancin ya fito ne daga baya: ɗaya yana hawa tsani, ɗayan yana tsaye inda aka aje shi.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. Jami'ar Jahar Filorida ta sallami Willie Taggart a watan Nuwamba na 2019, kamin ya cika kakarsa ta biyu, bayan wasa 21, ta biya shi kimanin dala miliyan 18. Ko an yi masa adalci ko ba a yi ba, ana iya gardama. Abin da babu gardama a kansa shi ne kuɗin da aka kashe, da kuma cewa wanda ya gaje shi ma sai da ya yi kaka biyu faɗuwarsa ta fi cinsa kamin ƙungiyar ta miƙe. Duk mai horon da aka kora, ƴan wasan da ya ɗauko suna komawa hannun wanda bai zaɓe su ba, a sake tsari, a sake ƙa'ida, a koma farko. Ɗalibi kuwa shekarunsa na wasa ƙididdigaggu ne, ba a mayar masa da wadda ta wuce.

Gaskiya ne zamani ya sake. Tun 2021 dokokin wasan jami'a sun sauƙaƙa ma ɗan wasa barin jami'arsa ya koma wata, sun kuma ba shi damar samun kuɗi da sunansa. Bisa ga haka sabon mai horo yana iya zuwa da ƴan wasansa. Jami'ar Indiyana ta ci wasa 3 kacal a 2023, ta ɗauko Curt Cignetti, ta ci 11 a 2024. Irin wannan yana sa masu kallo su ce, in wancan ya yi cikin shekara guda, don mi namu ba zai yi ba? Amma gonaki ba ɗaya ba ne. Wata taki kaɗai take jira, wata sai an fara da sassabe. Wanda aka ba saurar da ta shekara da shekaru ba a taɓa ta ba, ba a auna damminsa na shekarar fari da na mai gona a fadama.

Saboda haka nauyin yana wuyan hukuma tun ranar da ta ɗauki mutum. Wajibi ne ta rubuta halin da ya tarar, dalla-dalla: ƴan wasa nawa, kayan aiki nawa, kuɗi nawa. Wajibi ne ta gaya masa abin da take so ta gani a ƙarshen shekara ta fari, da ta biyu, da ta uku, kuma abin ya zama wanda ake iya ƙidayawa, kamar yawan ƴan wasan da suka zauna ba su gudu ba, da waɗanda suka ci jarrabawa, da tazarar makin da ake kayar da su ko tana raguwa. Idan ta yi haka, ranar da masu kallo suka taso da kururuwa tana da abin da za ta nuna masu. Idan kuwa shekaru suka wuce ma'aunin bai motsa ba, tana da hujjar sallama ba tare da zalunci ba.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa. Amma sai in ana tafiya. Aikin shugaban da ya naɗa wani bisa muƙami shi ne ya san ko ana tafiyar, kuma ba daga bakin ƴan kallo ake samun wannan sani ba. Hukumar Jami'ar Jahar Kansas ta dubi ci 1 da faɗuwa 10 a ƙarshen 1989, ta dubi aikin da ke ƙarƙashinsu, ta bar mutuminta ya shiga kaka ta biyu.