Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Iskar Gas Ɗin Nan Ta Wa Ce?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku sababbin ma'aikata da kuka bar mu jiya kuka hau kujerun ofis, akwai wata magana da ta zama waƙa a bakin manyanmu. Wai iskar gas haja ce, a loda ta a jirgin ruwa a kai Turai, a dawo mana da dala. Mu ba mu yarda ba. Tun da kuwa masu wannan magana ba su da alƙibla sai Amurka, bari mu kafa musu hujja da Amurkar tasu.

Akwai wani irin dutse da masana ke kira shel. Asalinsa laka ce da ta kwanta a gindin teku shekaru miliyoyi, ta binne ragowar halittu, ta daskare ta zama falle-falle kamar shafukan littafi. Gas yana cikinsa, amma a kulle, domin dutsen ba shi da kafar da iska za ta bi ta fito. Injiniyoyin Amurka sun daɗe da saninsa, suna wuce shi. Sai da Larabawa suka rufe musu famfon mai a 1973, suka ɗanɗani zafin layi a gidan mai, sannan gwamnatinsu ta fara zuba kuɗin jama'a a binciken wannan dutse a 1976. Masu ce mana gwamnati ta tsame hannunta daga komai, su riƙe wannan shekara da kyau. Daga baya wani attajiri, George Mitchell, ya shafe shekara 17 yana huda dutsen Barnett a jihar Texas, har a 1998 dabara ta ci: a tura ruwa da yashi da ɗan sinadari da ƙarfin tsiya, dutse ya tsage, yashi ya tokare tsagar, gas ya sami hanya. Da aka haɗa wannan da haƙa rijiya a kwance, wadda ke bin shimfiɗar dutsen, sai aka buɗe Marcellus a Pennsylvania da Haynesville a Louisiana. Abin da bai wuce kashi 2 cikin 100 na gas ɗin Amurka ba a 2000, ya haura kashi 70 a 2023.

To, ina suka kai shi? A nan gizo ke saƙar. Gida suka fara kai shi: tashoshin lantarki, da masana'antun taki, da murhun uwargida. A 2016 gas ya zarce kwal wajen ba su wuta, a shekarar ce kuma jirgin ruwa na farko ya tashi daga Louisiana da gas ɗin nan zuwa waje, shekara 18 bayan nasarar Mitchell. Sun ci sun ƙoshi, sannan suka fita kasuwa da saura. Mu ma mun ji a jikinmu, domin wannan dabara ita ta tatso musu ɗanyen mai, har ƙasar da ta taɓa sayen namu fiye da ganga miliyan 1 a kullum ta wayi gari a watan Yuli na 2014 ba ta sayi ko ganga ɗaya ba.

Kada wani ya ce muna yi wa fasa dutse kirari. Yana shan ruwa mai yawa, mazauna kusa da rijiyoyi sun yi kukan gurɓacewar ruwan sha, Faransa ta haramta shi a 2011, mutanen In Salah a Saharar Aljeriya sun fito zanga-zanga a kansa a 2015. Duk wanda ya san kuɗin jarkar ruwa a rani zai fahimce su.

Abin takaicin shi ne mu ba mu ma bukatar wannan wahala. Allah Ya ba mu gas a sauƙaƙe, fiye da ƙafa tiriliyan 200, wani ma yana biyo ɗanyen mai da kansa ba a gayyace shi ba. Me muka yi? Muka cinna masa wuta a sararin Neja Delta. An yi doka a 1979 cewa a daina ƙona shi daga 1984. Aka yi ta ɗaga wa'adi, kamfanoni suka ga biyan tara ya fi musu arha. A 1999 jiragen Bonny suka fara jigilarsa zuwa Turai, alhali kuwa iyayenmu mata suna hura itace, hayaƙi na cin idanunsu, masu gawayi na cinye dajin da ke tare mana hamada. Masaƙun Kakuri da masana'antun Bompai da Sharaɗa da yawa sun yi shiru, rashin wuta na cikin abin da ya kashe su. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, sai a 2020 aka aza harsashinsa, shekara 64 bayan an sami mai a Oloibiri.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta gayyato masu ruwa da tsaki zauren taro, su faɗa mana da bakinsu kashi nawa na gas ɗin nan aka ware wa gida kafin a sa hannu a kan kwangilar waje. Ku kuma na ofis, fayilolin nan ta teburinku suke bi. In ɗaya ya iso gabanku, ku rubuta wannan tambaya a gefensa da jan biro kafin ku miƙa shi sama.